Na Je Safana In Ɗauko Zulai

Assalamu alaikum, matan unguwarmu da na Islamiyya. Tun da na dawo daga Safana ban huta ba. Wadda ta shigo gaisuwa sai ta ce, "Iya Dije, ya kika baro su?" Wadda ta shigo aron turmi ma sai ta gyara zama. Na ba da labarin nan har muryata ta dushe, kuma duk sa'ad da na kai wani wuri a cikinsa sai kuka ya ƙwace mini in kasa ƙarasawa. Shi ya sa na roƙi maƙwabciyata Malama Rabi ta kawo biro da takarda, ina faɗa tana rubutawa, tunda ni ko baƙi ɗaya na boko ban sani ba. Za ta karanta muku in an tashi karatu.

Kun san Malam ya rasu a farkon bazara, Allah ya jiƙansa ya haskaka makwancinsa. Shekara arba'in da 'yan kai muna tare. Na yi takaba na fita, amma har yau in na ji an taɓa ƙyauren zaure sai in gyara ɗankwali. Gidan ya yi mini girma.

Zulai kuwa, ga waɗanda ba su san ta ba, jikata ce, 'yar ɗana Sani. Yaye aka kawo mini ita, ta zauna ke nan. A ɗakina ta tashi. Shekara uku da suka wuce Malam ya kai ta Safana gidan 'yarmu Hauwa don ta ci gaba da sakandare a can. Da ciwo ya tsananta masa, wata rana da hantsi ya ce mini, "Yarinyar nan, in tana gaba a karatunta a bar ta. In ta tsaya wuri ɗaya, ki ɗauko abarki ta taya ki zama." Iyakar abin da ya bar mini a kanta ke nan.

Kwana kaɗan da fitata takaba sai ga takarda daga makarantarsu. Sani ya zo da ita, da yake ya yi firamare. Ya ce jerin abin da za a koya musu ne na lissafi a aji shida, da sharuɗɗan da sai an cika, har da zaman karatu a lokacin hutun damina, kuma ana so magabacin yarinya ya sa hannu. Ya ƙara duban takardar, sannan ya ce in ɗauko masa tsofaffin littattafan Zulai da take bari a akwatina in ta zo hutu. Ya shimfiɗa guda uku a tabarma.

"Inna, Turancin nan ya fi ƙarfina, amma ina gane kalma in ta dawo. Duba nan. Wannan kan darasin yana cikin na aji uku. Ga shi a na aji huɗu. Ga shi a na bana. Ga shi kuma a takardar baɗi."

Ni ban ga kalma ba, amma na ga zane. Wani abu mai ƙafa uku kamar murhu, yana cikin littafi na fari, yana cikin na biyu, yana cikin na uku. Ga wani kewayayye kamar bakin tukunya, shi ma ko'ina yana nan.

Sani ya ce, "Shekara uku abu ɗaya. Ko dai faɗuwa take yi ana ɓoye mana, ko malaman ne ba su da wani abin koyarwa. A dawo da ita."

Maganarsa ta shige ni, don na san yadda karatu yake. Malam ya yi karatun zaure. Littafi ɗaya ake kamawa a kai shi ƙarshe, a yi addu'a, a ɗauki na gaba. Wanda aka gani da littafi ɗaya shekara uku, kowa ya san kansa bai ja ba. Kuma bari in faɗa muku abin kunya tun yanzu: daɗi na ji. A raina har na share mata gefen gado. Amma na ji tsoron in haɗu da Malam gobe kiyama ya tambaye ni ko na duba da idona. Na ce wa Sani shi ya ji da nomansa, ni na rene ta, ni zan je.

Na ɗaure littattafan uku a ɗankwali, na ƙulla daddawa da kuka don Hauwa, na kama jan zakarana don malamin lissafi, don ba a zuwa wurin malami hannu biyu. Sani ya ɗauke ni a babur daga Yasore zuwa Batsari. Rabona da hawa babur tun Malam na da ƙarfi. Shi Malam a hankali yake tafiya, yana gaida kowa a gona. Sani kuwa kamar an biyo shi. Na riƙe rigarsa da hannu ɗaya, zakara da ɗayan, ina salati har muka isa tasha.

A-kori-kura muka samu. Direban ya dube ni ya ce, "A ba Iya gaba." Gaban nan kuwa mu uku ne da shi, ni da wata Bafulatana sa'ata mai suna Dudu, ga ƙwaryarta a cinya. Ta dubi zakara ta dube ni.

"Biki za ki?"

"Makaranta za ni."

"Kai! Ba ki makara ba kuwa?"

Na ce ai gara ni, ita da haƙori huɗu ta fito yawon duniya. Ta yi dariya har ƙwaryar na rawa. Muna tafe muna hira, na gaya mata rasuwar Malam. Ta ce nata mijin shekara uku ke nan da rasuwa, kuma har yau in ta tashi dama fura ta mutum biyu take damawa, sai ta ɗaga kai ta tuna. Muka yi kukanmu a gaban mota. Direba ya rage rediyo.

Ruwan da aka yi kwana biyu ya cika wata ƙorama a hanya. Mota ta shiga ta kafe, aka ce maza su sauka su tura. Ni ma na buɗe ƙofa in ga abin da ake ciki, ashe igiyar ƙafar zakara ta kwance. Ya yi tsalle ya faɗa gonar gero. Maza huɗu suka bar mota a cikin ruwa suka bi zakara, direba yana ihu yana cewa mota ce za ta kai su Safana ba kaza ba. Wani dattijo mai babbar riga ne ya kamo shi, ya dawo caɓal da laka har gwiwa, ya miƙo mini yana haki.

"Iya, in an yanka shi a tuna da ni."

Can wajen da aka ce mun bar ƙasar Batsari mun shiga ta Safana akwai shingen sojoji. Kun san halin da hanyoyinmu suke ciki, kowa sai ya nuna katin shaida. Na kwance bakin zanena na ciro kati a ƙunshe cikin leda, yadda na ɗauko shi a gwangwanin da Malam yake ajiye mana takardu. Sojan ba Bahaushe ba ne, Hausarsa a karkace take. Ya buɗe leda, ya dubi kati, ya dube ni, ya sake duban kati.

"Mama, wannan mutum akwai gemu."

Na Malam na ɗauko. Duk zamanmu shi yake riƙe mana su, in an zo irin wannan wuri shi yake miƙa biyun. Na ga fuskarsa da hularsa a hannun baƙo, sai kawai hawaye. Dudu ce ta yi masa bayani. Sojan ya mayar da katin cikin leda a hankali, ya miƙo mini da hannu biyu ya ce, "Sannu, Mama. Allah ya ba haƙuri." Ya ɗaga mana hannu muka wuce. Allah ya mayar da shi ga uwarsa lafiya.

Bayan azahar muka shiga Safana. Ni da Dudu muka rabu a tasha, ta cika mini ɗan kwanona da nono ta ce in sha in yi ƙiba, malamai ba sa son ɗaliba ramammiya.

Gidan Hauwa gidan ma'aikaci ne, mijinta a sakatariya yake aiki. Abin da na fara lura da shi gaisuwarsu. Mu nan sai an tambayi gida, a tambayi gajiya, a tambayi ruwa, a tambayi shuka, a koma kan gida. Maƙwabtan Hauwa "sannu da zuwa, ya hanya" suka ce, ina shirin amsa ta biyu sai na ga bayansu. Girki kuma a kan wata tukunyar ƙarfe mai hura wuta shuɗiya suke yi, ba itace ba hayaƙi. Tuwon ya nuna, ban ce bai nuna ba, amma ba shi da ƙamshin komai, ga laushi kamar na mai jego. Aka ba ni cokali. Na ajiye musu abinsu na wanke hannu. Katifar da aka ba ni kuwa in ka kwanta sai ta haɗiye ka, juyi ma sai da dabara. Na sa aka shimfiɗa mini tabarma a ƙasa.

Da la'asar Zulai ta dawo daga makaranta. Ta ƙara tsawo, har ta fi Hauwa. Ta durƙusa ta gaishe ni yadda na koya mata, sannan ta faɗo jikina.

"Tsohuwa, wa ya sake ki kika fito?"

"Na zo in ga ko ana ba ki abinci. Ga ki nan kamar karan dawa."

Ta hango ƙullin ɗankwali, ta gane littattafanta. Ta ɗago ta dube ni. Can ta ce, "Baba ne ya aiko ki ki kwashe ni ko?"

Na ce ba wanda yake aikena, gobe dai za ta raka ni wurin malamin lissafinsu. Ta buɗe baki za ta yi bayani, na ce ta riƙe abinta, ba a tambayar mai laifi.

Da safe muka tafi, ina rungume da zakara. Maigadin makarantar ya ce mutum yana shiga, kaza ba ta shiga. Muka daidaita ya ɗaure shi a gindin darbejiya kusa da ajin su Zulai. Ni a zatona dattijo zan gani mai furfura da carbi. Sai aka nuna mini wata mace siririya mai tabarau, ba ta wuce sa'ar Hauwa ba, ga tsohon ciki. Malama Asma'u sunanta. Ta durƙusa da cikin nan nata ta gaishe ni gaisuwa cikakkiya, har da ta'aziyya. A raina na ce wannan daga gidan mutunci ta fito, ko da ba ta iya lissafin ba.

Na ce ga zakara can na kawo mata. Ta yi dariya ta ce, "Iya, jarrabawa saura mako biyu. In aka ga na karɓi zakaran kakar ɗaliba, ni da aikina sai wani ikon Allah." Na ce a garinmu wanda ya mayar da kyautar tsohuwa ba shi da kunya. Ta ce a nan wanda ya karɓa ne ba shi da ita. Kun ji wata al'ada. A ƙarshe dai tukunyar Hauwa zakaran ya shiga, kuma na tuna da dattijon ƙorama, na yi masa addu'a.

Na kwance littattafan a kan teburinta na nuna mata mai ƙafa ukun nan a kowanne. Na ce, "Malama, ni ban yi boko ba, amma ina da ido. Shekara uku yarinya tana zana murhu. Faɗuwa take yi, ko karatun ne ya ƙare muku?"

Ba ta ji haushi ba. Ta ce sunansa alwatika, kuma in zo in zauna a bayan aji in ga darasi tukuna. Aka kawo mini kujera. 'Yan mata sun fi arba'in, duk suka juyo suna kallona, Zulai ta sunkuyar da kai kamar ta nutse.

Ranar bita suke yi, don haka ta ɗan taɓo kowane fanni. Tana yi da Turanci tana juyo mini da Hausa. Ta ce lissafin da suke koyarwa haɗe yake: kowane zango akwai na lambobi, akwai na haruffa, akwai na zane da awo, akwai na ƙididdiga, ba a gama ɗaya a rufe shi sannan a buɗe wani.

Ta fara da na haruffan, aljabara ta kira shi. Ta ce in akwai adadin da ba a sani ba, sai a sa wani baƙi ya tsaya a madadinsa, a yi ta aiki da shi har ya bayyana kansa. Na ce ashe su ma suna da alkunya, ni ma shekara arba'in ban kama sunan Malam ba, kuma kowa ya san wanda nake nufi. Ajin ya fashe da dariya, zakara ya amsa daga waje.

Sai ƙididdiga. Ta tambayi 'yan mata goma lambar takalminsu, aka haɗa aka raba, aka ce ga matsakaicin takalmin aji. Na ce a nuna mini mai wannan ƙafar. Aka duba, ba ko ɗaya. Na ce to an yi wa aljana takalmi. Malama ta ce ai shi ya sa ba wannan hanyar kaɗai ake koya musu ba, akwai ta duba lambar da ta fi yawan fitowa, ita mai kanti yake bi in zai saro kaya. Wannan na yarda da ita.

Abin da ya tayar mini da hankali shi ne da ta ciro ɗan ƙwallon ludo mai ɗigo-ɗigo ta jefa a tebur tana tambayar me zai fito. Na miƙe tsaye.

"Malama, caca kuke koya wa 'ya'yan mutane?"

"A'a, Iya. Yiwuwar abu muke aunawa. Wanne ne ya fi kusa da faruwa, wanne ne ya fi nisa."

"Sanin gobe ai sai Allah."

"Haka ne. Amma in kika yi shanyar gero kika ga hadari ya haɗo ta gabas, me kike yi?"

"Kwashewa nake."

"In ta yamma ya haɗo fa?"

"Ina ɗan jira in gani."

"To kin ci wannan darasin. Zauna."

Na zauna. Wata mai ƙiriniya a gabana ta ce a ba Iya kyautar biro.

Daga nan aka fita waje wurin darbejiyar nan. Ta ce Zulai ta faɗi tsawon itacen ba tare da an hau ba. Zulai ta auna daga gindi zuwa inda ta tsaya, ta ɗaga wani ɗan faifan roba mai zare ta saita ƙololuwa, ta tsuguna ta zana mai ƙafa ukun nan a littafi, ta danna kalkuleta, ta faɗi amsa. Malama ta ce daidai. Na ce wa ya hau ya tabbatar? Maigadi ya ce shi dai ba zai hau ba.

Da aka tashi muka koma ofis. Malama ta buɗe littattafan uku a jere. Ta ce a na aji uku an ba yarinya duk tsawon gefunan, faɗin cikinsa kawai za ta nemo. A na aji huɗu an ɓoye gefe ɗaya an sa harafi, sai ta tono shi. A na bana gefe ɗaya kawai aka ba ta da kusurwa, da su take auna abin da hannu bai kai ba. Baɗi kuma da shi za su auna nisan gari da gari a bayan ƙasa. Zanen ne ɗaya, aikin ba ɗaya ba.

Ina jin ta, sai ɗinkin faifai ya faɗo mini a rai. In kina ɗinka faifai mai ado, kowane zagaye sai kin dawo kan jan, kin dawo kan baƙin, amma zagayen yana faɗi. Wanda ya leƙo ya ga kullum kina kan ja zai ce ba kya ci gaba. Na faɗa mata haka, ta ce in ba ta aron maganar ta riƙa yi wa iyaye bayani da ita.

Amma baki ai kowa yana da shi. Na ce ina da gwaji nawa. A kira mini yarinya mafi ƙoƙari a aji uku. Aka kira wata 'yar gajeruwa mai kaifin ido. Na sa aka ba ta tambaya daga littafin Zulai na bana, aka ba Zulai tambaya daga littafin ita yarinyar. Na ce in abu ɗaya ne, su biyun za su yi. Kafin in gyara mayafi Zulai ta gama. Ita kuwa 'yar gajeruwar ta juya littafi sama, ta juya shi ƙasa, ta ciji biro, ta ce, "Malama, zanen na san shi, amma ba a kawo mu nan ba."

Nan ne gaskiya ta fito. Na san yarinyata tana gaba. Ya kamata in yi murna, na kuwa yi, amma gefen gadon nan da na share shi na fara tunowa.

Malama ta ɗauko irin takardar da aka aiko mana ta karanta mini sharuɗɗan ɗaya bayan ɗaya. Sai yarinya ta ci gwaje-gwajen da ake yi a cikin zango, ba babbar jarrabawa kaɗai ba. Sai littafin aikinta ya cika, ba giɓi. Sai ta zo da gwangwanin kayan zane, da kalkuleta, da littafi mai gidaje-gidaje na zana layuka. Sai kuma ta zauna karatun hutu, don a ɗinke abin da aka rasa lokacin da aka rufe makarantu saboda rashin kwanciyar hankali. Ta ce Zulai makarantar ungozoma take so, kuma duk wata makarantar gaba, in ba a ci lissafi da kyau ba, ko takardarki ba za su duba ba.

Na ce, "Wato ko hutun nan ba za ta zo gida ba?"

"Sai dai kwana uku da Sallah, Iya."

Rabi, dakata kaɗan. To, rubuta.

Zulai ta matso ta durƙusa a gabana a ofishin nan, ta kama gefen zanena kamar lokacin da take ƙarama. Ta ce, "Iya, Goggo Hauwa ta gaya mini ba kya cin abinci. In kika ce in zo, wallahi yau zan haɗa kayana. Ba zan ji haushinki ba."

Na san da gaske take. Kalma ɗaya ce tsakanina da in samu mai kwana a ɗakina. Ba wanda zai zarge ni, uban yarinya ma abin da yake so ke nan. Na dubi ƙeyarta na daɗe. Sannan na ce, "Ke tafi can. Me zan yi da ke? Miyar kuka ma sai kin sa ta ta yi gudaji. Ki zauna ki auna itatuwanki."

Na ce a kawo takardar. Malama ta buɗe ɗan akwatin tawada, ta kama babban yatsana ta dangwala. Hawayena ya ɗiga a gefe ya ɓata wani layi, ta ce ba komai, a haka za ta ajiye ta.

Kwana biyu na ƙara. Mijin Hauwa ya sayo gwangwanin kayan zanen, Zulai ta buɗe mini na ga wani ƙarfe mai ƙafa biyu da tsini, na ce ta yi hankali da idonta. Ranar da zan taho ta rako ni tasha kafin ta wuce makaranta. Ba mu yi doguwar sallama ba, don na ce mata in ta yi kuka zan fasa yatsan da na dangwala.

A Batsari na tarar da Sani yana jira a kan babur. Ya leƙa bayana, ya leƙa cikin mota.

"Inna, ina yarinyar?"

"Tana aji."

Na ba shi labari tun daga alwatika har 'yar gajeruwa. Ya cire hula ya sosa kai ya ce shi fa kalmomin iri ɗaya ya gani. Na ce ni ma zanen iri ɗaya na gani, mu biyun ba wanda zai yi wa wani dariya. Sai ya faɗi abin da yake ransa tun farko.

"To Inna, wa zai zauna da ke?"

"Kai."

"Ni?"

"Kai. Gidanka da nawa taku nawa ne? Sai ka sa 'yarka ta bar karatunta don ka huta da shigowa gaida uwarka?"

Ya tayar da babur. A hanyar Yasore kuwa a hankali ya tafi.

Tun ranar, kullum bayan la'asar in ya taso daga gona sai ya shigo da ƙurar jikinsa ya zauna a bakin ƙofata, in zuba masa tuwo mu ci. Hira dai ba ya iyawa. In na yi magana goma ya ce "haka ne" sau biyu, wani lokaci in juyo in tarar yana gyangyaɗi. Ba Zulai ba ce, nesa ba kusa ba. Ina kukana har yanzu, ba zan ɓoye muku ba, wanda ya shigo ya same ni a haka kada ya tsorata. Amma saboda shi dole nake ɗora tukunya, in na ɗora kuma sai in ci.

Ku sa Malam a addu'a, ku sa yarinyar nan da jarrabawarta. Wadda ta ga Sani a hanya kuma kada ta gaya masa na ce ba ya iya hira, kar ya ji kunya ya daina zuwa.